ZAKI, MALAMI DA BUDURWA: ABIN DA WANI WASAN KWAIKWAYO ZAI KOYA MANA GAME DA NEMAN AURE

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22, Rut 3:7-4:12



Akwai tambayar da ta kamaci kowane uba da kowace uwa a yau: a ina 'ya'yana suke haɗuwa da waɗanda suke so su aura, wa kuma yake ba su shawara a kan haka? A da amsar ba ta da wuya. Saurayi yakan ga budurwa a majami'a, ko a kasuwa, ko wajen biki, ya zo zance a ƙofar gida inda kowa yake ganinsa, kafin wata ya mutu an riga an san ɗan gidan wane ne. Amma tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka kafa Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, manhajar haɗa masoya ta Tinder kuma a 2012, zance ya tashi daga ƙofar gida ya koma cikin aljihu. Yarinya tana zaune a tsakar gida tare da iyayenta, alhali tana hira da wani wanda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Domin mu yi tunani a kan wannan, za mu ari labari daga wani wasan kwaikwayo. Kada wani ya yi mamaki. Annabi Natan da labarin 'yar tunkiya ya kama zuciyar sarki Dawuda. Ubangijinmu da misalai ya koyar da taron jama'a. Manzo Bulus kuwa, da ya tsaya a Atina, sai da ya ambaci maganar mawaƙan Helenawa kafin ya yi musu shelar tashin Almasihu. Wasan kwaikwayo ba Maganar Allah ba ne, madubi ne kawai. Madubi yakan nuna wa mutum dauɗar fuskarsa, amma wankewa aikin ruwa ne.

LABARIN A TAƘAICE

Sunan wasan The Lion and the Jewel, wato Zaki da Lu'ulu'u. Wole Soyinka ne ya rubuta shi, haifaffen Abeokuta a 1934, wanda ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin adabi a 1986. An fara nuna wasan a Ibadan a 1959. Da yawa cikin 'ya'yanmu sun san shi, gama hukumar WAEC ta sa shi cikin littattafan jarrabawar adabi na shekarun 2021 zuwa 2025.

Labarin ya faru a wani ƙauyen Yarabawa mai suna Ilujinle, a cikin yini ɗaya: safe, rana, da dare. Sidi ce kyakkyawar garin. Lakunle, malamin makaranta mai kusan shekara 23, yana so ya aure ta, amma ya ƙi biyan sadaki, wai al'adar duhun kai ce. Sidi kuwa ta ce in ba sadaki ba aure, domin mutanen gari za su ce ba budurwa ba ce shi ya sa aka ɗauke ta kyauta. Ana cikin haka sai wani baƙo mai ɗaukar hoto, wanda ya taɓa ɓatan hanya ya faɗo garin, ya dawo da mujalla. Ga hoton Sidi a bango da kuma tsakiyar mujallar, hoton Baroka dagacin garin kuwa ɗan ƙarami ne a wani lungu, kusa da hoton masai. Daga ranar kan Sidi ya kumbura.

Baroka, wanda ake wa kirari da Zaki, shekarunsa 62, matansa da yawa. Ya aiki uwargidansa Sadiku ta nemo masa auren Sidi. Sidi ta ƙi, ta ce tsoho ne. Sai Baroka ya shirya dabara: ya gaya wa Sadiku a asirce cewa ƙarfinsa na ɗa namiji ya ƙare, ya kuwa san bakinta ba ya riƙe magana. Sadiku ta fita tana rawar murna, ta kwashe labari ta gaya wa Sidi. Sidi ta tafi fada da dare ita kaɗai don ta yi masa ba'a. A can Baroka ya nuna mata injin buga kan sarki, ya yi mata alkawarin hotonta ne zai hau kai ya zaga duniya, ya yi ta zuba mata daɗin baki har ya sami abin da yake so. Ta dawo tana kuka. Lakunle ya ce zai aure ta duk da haka, amma fa yanzu maganar sadaki ta mutu. A ƙarshe Sidi ta miƙa masa mujallar, ta tafi ta auri Baroka, Lakunle kuwa ya shiga rawar biki yana bin wata yarinya.

An rubuta wasan don raha, masu kallo sukan yi dariya ƙwarai. Amma Kirista mai tunani zai lura da abu guda: daga safe har dare ba a ga uban Sidi ko uwarta a dandali ba. Mutum uku ne suka kewaye ta, kowannensu da tasa bukatar.

LAKUNLE: ƘAUNAR FATAR BAKI

Lakunle ba mugu ba ne a ganin ido. Yana da ilimi, ba ya son auren mace fiye da ɗaya, yana cewa mace abokiyar zama ce ba kayan saye ba. A nan gaskiyarsa ce. Matsalarsa ita ce ƙaunarsa ba ta wuce harshe ba. Daga ƙamus yake kwaso manyan kalmomi, daga littattafan Turawa yake kwaikwayon soyayya. Da bakin da yake yabon Sidi, da shi yake ce mata baƙauyiya mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Yakan kira ta da sunayen matan Littafi Mai Tsarki, irin su Rut da Rahila da Esta, amma ya manta cewa Yakubu shekara bakwai ya yi yana kiwo domin Rahila, da aka ruɗe shi kuma ya ƙara bakwai.

Halinsa na gaskiya ya fito ne a daren da Sidi ta dawo da hawaye. Abin da ya fara lissafawa shi ne kuɗin da ya tsira da su. Da ya zaci kuma an soma shirin ɗaurin aurensa a daren nan, sai ya fara kame-kame, wai ai ba a yin aure da gaggawa haka.

Irin Lakunle suna nan a ƙungiyoyin matasanmu. Sun iya jawo aya, sun iya tura saƙo mai daɗi da tsakar dare, suna iya riƙe yarinya shekara biyar da sunan "muna addu'a a kai", amma ko sau ɗaya ba su taka gidan iyayenta ba. Manzo Yohanna ya gargaɗe mu a 1 Yohanna 3:18 cewa ƙauna da aiki da gaskiya ake gane ta. 'Yata, idan saurayi ya ƙi iyayenki su san shi, ya ƙi fastonsa ya san ki, ya ƙi a sa rana, to, ba aurenki yake nema ba, lokacinki yake ci.

Amma iyaye, mu ma da namu laifin. Sabon Alkawari bai yanka wa kowa sadaki ba. Sadaki alama ce ta girmamawa tsakanin gida biyu. Sa'ad da muka mai da shi ciniki, muka miƙa wa saurayi mai ƙaramin albashi doguwar takardar kaya wadda ko shekara uku ba zai iya cikawa ba, mu ne muke ba Lakunle hujja, mu ne kuma muke tura 'ya'yanmu zaman dadiro a birni. An riga an sayi 'ya'yanmu da jinin Almasihu mai daraja, yadda 1 Bitrus 1:18-19 ya koya mana. Ba wani kuɗin da zai ƙara musu daraja.

SIDI: DARAJAR DA TAKE RATAYE A HOTO

Da safe Sidi yarinya ce mai hankali wadda ta san abin da take so. Da rana, bayan ta ga hotonta, ta zama wata dabam: tana shafa shafin mujalla, tana gwada santsin fatarta da tamojin fuskar Baroka. Abin da ya ɗaga ta shi ne kuma ya kā da ita, domin Baroka ya gane cewa wadda hoto ɗaya ya ruɗa, alkawarin hoto dubu zai gama da ita.

A zamanin da aka rubuta wasan, sai baƙo ya zo da kyamara daga Legas kafin 'yar ƙauye ta ga kanta a takarda. Yau kowace yarinya mai waya ita ce mai ɗaukar hoton, ita ce kuma mai mujallar. Tana ɗora hoto a Instagram ko TikTok, ta zauna tana ƙirga waɗanda suka yaba. Samari ma haka: a jingina da motar wani a ɗauki hoto, a ari agogo, a ari suna. Kowa yana sayar da fuskar da ba tasa ba, sa'an nan a yi aure a tarar kallon kitse aka yi wa rogo.

Kyau baiwar Allah ce. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa Saratu da Rifkatu da Rahila kyawawa ne ba. Amma Karin Magana 31:30 ya tuna mana cewa kyau ba ya daɗewa, tsoron Ubangiji ne abin yabo ga mace. Sa'ad da Sama'ila ya ga Eliyab da tsayinsa da kwarjininsa ya zaci shi ne zaɓaɓɓen, Allah ya gyara shi ya nuna masa cewa shi zuciya yake dubawa. Ku duba Rifkatu a Farawa 24. Ita ma da tulu aka gamu da ita, kamar yadda Sidi ta shigo dandali da bokitin ruwa a ka. Alamar da baran Ibrahim ya roƙi Allah a kanta ta hali ce: budurwar da za ta ba baƙo ruwa, ta kuma shayar da raƙumansa goma ba tare da an roƙe ta ba. Irin wannan ba ya fitowa a hoto.

BAROKA: MAI HAƘURIN FARAUTA

Kada mu ɗora wa Sidi nauyin da ba nata ba. Girman kanta ya kai ta ƙofar fada, amma wanda ya haƙa ramin Baroka ne. Shi ne ya taɓa ba Bature mai awon hanya toshiyar baki don a karkatar da layin dogo daga garinsa. Mutum ne da ya saba samun abin da yake so ta bayan gida. Bai yi wa Sidi barazana ba. Ya nuna kamar ba shi da haɗari, ya yabe ta, ya yi mata alkawari, ya tabbatar ita kaɗai ce.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 2 Sama'ila 13 Amnon ɗan Dawuda ya kwanta ciwon ƙarya bisa ga shawarar abokinsa Yonadab, ya roƙa a aiko Tamar ta yi masa abinci, ya fitar da kowa daga ɗakin. Tamar ba ta yi laifin kome ba. Umarnin mahaifinta ta bi, ta kuma yi ta roƙon Amnon da hankali, amma ya fi ƙarfinta. Bayan ya ɓata ta, ƙiyayyar da ya yi mata ta fi son da ya ce yana yi mata, ya sa aka fitar da ita aka kulle ƙofa. A nan ne Littafi Mai Tsarki ya rabu da wasan kwaikwayon. Wasan ya ƙare da kiɗa da rawa. Labarin Tamar ya ƙare da toka a ka, da yagaggiyar riga, da zaman kaɗaici a gidan Absalom. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan Dawuda kuwa bai ƙara samun kwanciyar rai ba.

Baroka na yau ba lalle ne ya sa rawani ba. Yana iya zama malami mai riƙe da sakamakon jarrabawa, ko shugaba a wurin aiki, ko mai kuɗi da ya ce zai biya kuɗin makaranta. Abin kunya, yana iya zama dattijo ko ma'aikacin ikilisiya. Yana kuma iya zama suna da hoto kawai a waya. A watan Yuli na 2012 an kashe wata ɗalibar jami'a a wani otal a Legas. Waɗanda suka kashe ta ta Facebook suka ƙulla abota da ita har ta amince da su, a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Nijeriya, na masu yaudarar mutane da soyayyar ƙarya har su karɓi hotunan tsiraicinsu, sa'an nan su nemi kuɗi da barazanar tonon asiri. Mu tambayi kanmu: 'ya'yan wa ke bayan waɗannan shafuka? Ba daga sama suka faɗo ba, a gidaje aka haife su. Tambayar ba ta tsaya ga yadda za mu kare 'ya'yanmu mata ba, har da yadda muke renon 'ya'yanmu maza. 1 Tasalonikawa 4:3-6 ya faɗa a fili cewa Ubangiji da kansa ne mai sakayya a kan duk wanda ya cuci ɗan'uwansa cikin wannan al'amari.

SADIKU DA SHIRUN MANYA

Sadiku tsohuwa ce wadda ta san fada ciki da waje, ta san abin da yakan sami 'yan matan da suka ci abincin dare a wurin Baroka. Duk da haka ita ce 'yar aike da rana, ita ce kuma mai kai gulma da dare. Manzo Bulus ya danƙa wa tsofaffin mata wani aiki dabam a Titus 2:3-5: su guji tsegumi, su koya wa ƙananan mata abin da yake nagari. Iyayenmu mata na zumunta, yarinyar da ba ta sami kunnen da zai saurare ta ba tare da a ji labarinta a kasuwa gobe ba, wurin ƙawayenta za ta tafi, ko wurin waya.

Ubanni kuma, ku lura da Dawuda. Da ya ji abin da Amnon ya yi, ya husata ƙwarai, amma nassi bai nuna ya ɗauki wani mataki ba. Fushin da ba hukunci a bayansa bai share wa Tamar hawaye ba. Iyalin da ya rufe irin wannan laifi don gudun abin kunya, ko ikilisiyar da ta yi shiru domin mai laifin babban mai bayarwa ne, sun bi sawun Dawuda. Fyaɗe laifi ne a gaban Allah, laifi ne kuma a dokar ƙasa. A kai wadda aka cuta asibiti da sauri, a kai maganar gaban hukuma.

BO'AZA: MUTUMIN DA BABU SHI A WASAN

Sidi ta ga kamar zaɓinta biyu ne kawai: saurayi mai baki ba aiki, ko tsoho mai aiki da makirci. Littafin Rut ya nuna mana mutum na uku. Bo'aza shi ma ya girmi Rut, shi ma mai dukiya ne mai faɗa a ji a Baitalami. Rut kuwa baƙuwa ce, gwauruwa, matalauciya. Da tsakar dare ya farka ya same ta a wajen ƙafafunsa a masussuka, ba mai gani. Duk damar da Baroka ya ƙulla da dabara, Bo'aza ya same ta a sauƙaƙe. Me ya yi? Ya sa mata albarka. Ya gaya mata gaskiyar da za ta iya hana shi aurenta, wato akwai dangin da ya fi shi kusa. Ya kiyaye sunanta, ya sallame ta da mudu shida na sha'ir. Da gari ya waye ya tafi ƙofar gari, ya tara dattawa goma, ya gama maganar a gaban shaidu. Daga auren nan aka haifi Obida kakan Dawuda, daga zuriyar nan kuma Almasihu ya fito.

Ga ma'auni ke nan. Mai nufin kirki yakan kai maganar dare zuwa hasken rana. Mai mugun nufi yakan ja maganar rana zuwa cikin duhu.

ME ZA MU YI?

Haɗuwa ta intanet a kanta ba zunubi ba ce. Rijiya ce ta haɗa Rifkatu da gidan Ibrahim, gona ce ta haɗa Rut da Bo'aza. Abin dubawa shi ne inda maganar ta nufa bayan haɗuwar. Saboda haka:

1. Matasa, ku fara da addu'a kamar baran Ibrahim, ku kuma nemi wanda kuke tarayya da shi cikin bangaskiya (2 Korintiyawa 6:14).

2. Kada ganin farko ya zama a ɗaki, ko a otal, ko a garin da ba ku san kowa ba. Ku haɗu a bainar jama'a, wani na gida ya san inda kuke.

3. Kada ku aika wa kowa kuɗi ko hoton tsiraici, kome daɗin bakinsa. Wanda ya riga ya faɗa wannan tarko kada ya biya, kada kuma ya ɓoye. Ya gaya wa babba a ranar.

4. Ku yi bincike. A san iyayensa, da aikinsa, da ikilisiyarsa, a kuma tabbata ba shi da mata a wani gari. Ba a banza dokar aure ta ƙasa ta tanadi sanarwar kwana 21 a ofishin rajista ba, ba a banza kuma ikilisiyoyi da yawa suke shelar aure a majami'a kafin ranar ba.

5. Ku yi gwajin jini tun kafin zuciya ta yi nisa. Idan namiji da mace dukansu AS ne, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar ɗa mai ciwon sikila.

6. Iyaye, ku buɗe ƙofa. Ku bar saurayi ya zo gida a zauna da shi. Ku sassauta sadaki. Ku tambayi ra'ayin 'yarku yadda aka tambayi Rifkatu kafin ta bi baran. Ku koya wa 'ya'yanku maza su ɗauki 'yan mata kamar 'yan'uwansu, da tsarkin zuciya (1 Timoti 5:2).

KAMMALAWA

Wataƙila wata tana karanta wannan tana cewa a ranta, ni dai nawa ya riga ya wuce. Sidi ta yi zaton tun da abin ya faru ba ta da sauran hanya sai gidan Baroka. Bishara ba ta faɗi haka ba. Idan tilasta miki aka yi, laifin ba naki ba ne, darajarki kuma ba ta ragu a gaban Allah ba. Idan kuwa da yardarka ko da yardarki aka yi, ƙofar tuba a buɗe take. A bakin rijiyar Yakubu Yesu ya zauna da macen da ta yi maza biyar, ya san tarihinta duka, bai kore ta ba. Ta bar tulunta ta zama mai kai labarinsa ga garinta. Kada kunya ta tura kowa cikin auren da zai zama kurkuku. Ku zo wurin Almasihu, ku nemi fasto ko dattijuwa mai riƙon amana.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na sama, kai da ka kafa aure tun a gonar Adnin, ka kiyaye 'ya'yanmu daga harshen yaudara. Ka ba samarinmu zuciya irin ta Bo'aza, ka ba 'yan matanmu hikima da tsoronka. Ka warkar da waɗanda aka raunana, ka ba mu iyaye kunnen ji da ƙarfin halin yin gaskiya. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.